Yadda za ka karɓi ajiyar iri daga hannun tsohonka

Shekarar da ciwon ƙafa ya hana Baba shiga gona, ni na ajiye irin masara. Shekarata 38 a lokacin, 15 daga ciki na yi su a kan kujerar ofis, kuma a zatona ajiyar iri ba ta wuce mutum ya ɗebi ƙwaya mai kyau ya ƙulle ba. Haka kuwa na yi. Na je kan tarin masarar da aka karyo, na tsinci manya-manyan, na ɓare su, na ɗura a buhun leda tun ƙwayar tana da sauran laushi, na jingine a ɗakin da rana ke dukan kwanonsa tun hantsi har la'asar. Da ruwa ya sauka muka shuka. Kwana 10 ina zagaya gona ina leƙa ramuka: ɗaya ya fito, uku shiru. In na tona sai in tarar ƙwayar ta yi baƙi ta ruɓe, ko kuma tana nan yadda na jefa ta.

Na koma gida na fara jera wa Baba masu laifi. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta gaji, ga gara, ga tsuntsaye. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kawo mini ragowar irin." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, ya kai buhun hancinsa, ya miƙo mini. "Shinshina." Warin funfuna ne, ba mai yawa ba, amma yana nan. Ya ce, "Wannan tun a ɗaki ya mutu. Gawa ka kai gona." Daga nan bai ƙara ba.

Damina huɗu na yi bayan haka ina koyo a gefensa, shi yana zaune a bakin gona, ni ina kai da komo tsakanin kunyoyi ina kawo masa abin da ya nuna da sanda. Ina rubuta wannan ne domin wanda ya tsinci kansa a inda na tsinci kaina: akwai tsoho ko tsohuwa a gida da suka san aikin, kai ka tashi ba ka sani ba, kwanaki kuma suna tafiya. Irinmu muna da yawa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kusan mutum 3 cikin 10 ne ke zaune a birni a faɗin duniya, amma zuwa wajen 2007 'yan birni sun haura rabi. A gidaje bila adadin an samu wanda shi ne na farko tun kaka da kakanni da bai taɓa zaɓen iri da hannunsa ba. Ban ga laifin kowa a nan ba. Makaranta ta ɗauke mu a watannin da ake koyon aikin, iyayenmu da kansu suka tura mu, irin sayarwa kuma ya zo ya rage wa manomi wahala mai yawa. Sai dai abin da tsoho ke gani in ya kalli kara, ba a sayar da shi a leda, in ya tafi kuwa da shi zai tafi.

Fara da sanin irin da ke hannunka

Kafin ka wahalar da kanka, binciki asalin abin da aka shuka. In iri mai aure ne, wato wanda kamfani ya haɗa iyaye biyu daban-daban ya fitar, yawanci za ka ga an rubuta F1 a jikin ledarsa. Irin nan yana yin kyau ƙwarai a shukar farko, tsayinsa ɗaya, nunarsa lokaci ɗaya. Amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa, sai gona ta fito a hargitse: wani dogo, wani gajere, wani ya nuna da wuri, wani ya makara, amfani kuma ya ja baya. Ba ha'intarka aka yi ba, haka gadon halitta yake tafiya. Wani masanin gadon halitta, Gregor Mendel, ya nuna shi da wani nau'in wake a binciken da ya wallafa a 1866: halin da ya ɓuya a 'ya'yan farko yakan sake ɓullowa a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu.

Wanda ake ajiyewa shi ne irin da ake maimaitawa shekara da shekaru yana fitowa kamar uwarsa, ko na gado ne ko ingantacce na cibiyar bincike wanda ba mai aure ba. Tambayi wanda ya shuka: daga ina ya samo shi, shekara nawa yana juya shi. Sannan ka kiyaye da irin sayarwa da aka shafa wa launi ja ko kore. Magani ne a jikinsa. Ba a ci, ba a ba dabba, ba a haɗa shi mazubi ɗaya da hatsin gida.

In kai sabon shiga ne, shawarata ka fara da wake ko tumatir. Furensu yakan barbari kansa, don haka abin da ka ajiye shi za ka gani. Kabewa da kankana ƙudan zuma ke yawo da ƙurar furensu daga gona zuwa gona, masara kuma iska. Su sun fi son ido.

Yadda ake tambayar tsoho

Ranar farko littafi da biro na ɗauko, na zauna gabansa na ce, "Baba, faɗa mini yadda ake zaɓen iri." Ya ce, "Ai mai kyau ake zaɓa." Iyakar abin da na samu ke nan. Ba rowa ya yi mini ba. Wanda ya shekara 50 yana yin abu, sanin ya riga ya zauna a hannunsa da idonsa, in ka tambaye shi a zaune babu abin a gabansa ba zai iya zaro maka shi da baki ba. Sai ka kawo masa abin. Wata rana na ɗauko masara biyu waɗanda a idona duk ɗaya suke, na ce, "Wacce za ka ɗauka, Baba?" Nan take ya ture ɗaya. Na ce me ya sa. Ya ce, "Ba ka ga bakinta a buɗe ba? Ɓawon bai rufe ta ba. Ta nan ruwa ke shiga, ta nan ƙwaro ke shiga. Ka shuka ta, 'ya'yanta ma haka za su yi."

Tun daga ranar na daina tambayar yadda ake yi, na koma tambayar me ya sa ya bar wannan ya ɗauki wancan. Ita ce tambayar da ke buɗe bakin tsoho. Wayarka ma tana da rana a nan: ɗauki hoton wanda ya zaɓa kusa da wanda ya ƙi, ka naɗi muryarsa in ya yarda. Ka je da safe lokacin da jikinsa ke da ƙarfi, ka ɗauke masa aikin sunkuyo, shi ya riƙe na dubawa. Kada ka fara yi masa gyara da abin da ka karanta a intanet tun ba ka yi damina ɗaya cikakkiya a gefensa ba. Lokacin gardama yana zuwa, kuma akwai yadda ake yin ta. Kada kuma ka tsaya ga mutum ɗaya. A gidanmu irin tumatir da kuɓewa da kabewa duk a hannun Inna yake, Baba bai taɓa sa hannu a ciki ba, kuma da ban zauna da ita ba da rabin abin ya wuce ni.

A gona ake zaɓe, tun amfani yana tsaye

Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ne na yawancin mutane. A kan tari 'ya kawai kake gani, ba ka ganin uwa. Ƙatuwar masara tana iya fitowa daga karan da ya tsaya shi kaɗai a gefen gona inda taki ya taru, babu mai raba masa ruwa ko rana. Girmanta na wuri ne, ba za ta gadar wa 'ya'yanta shi ba. Wata kuma daga karan da iska ta kayar, ko wanda cuta ta cinye wa ganye, kai ba ka sani ba.

Don haka ka shiga gona aƙalla sau biyu domin iri kaɗai: lokacin da ake fure, da lokacin da aka kusa nuna. Yanka tsohon ƙyalle mai launi tsiri-tsiri ka zuba a aljihu, duk karan da ya gamsar da kai ka ɗaura masa. Nemi karan da ya tsaya cak bayan an yi iska, wanda ganyensa ba ɗigo-ɗigo ko zanen rawaya, wanda goyonsa bai hau can sama ba, wanda ɓawo ya rufe bakinsa ruf, kuma yana tsakanin 'yan'uwansa a cunkushe amma bai kasa ba. In ruwan wajenku yana ɗaukewa da wuri, ɗaura wa waɗanda suka riga nuna. Shekara uku ko huɗu kana haka za ka ga gonar gaba ɗaya ta karkata inda kake ja. Wanda ka ga ya fita daban ko ya kamu da cuta kuwa, tuge shi tun bai saki ƙurar fure ba.

Ka zaɓa daga tsakiyar gona, ka bar layukan gefe. Dalili shi ne yadda masara ke haihuwa. Namijin furenta yana can ƙololuwar kara, macen kuma ita ce gemun nan da ke fitowa a bakin goyo, kowane zare ɗaya ƙwaya ɗaya ce. Iska ce ke ɗauko ƙurar fure ta zuba a kan gemun, kuma iska ba ta san iyakar gona ba. Shi ya sa wani lokaci za ka ɓare farar masara ka ga ƙwayoyin rawaya tsilli-tsilli a ciki: saƙon maƙwabci ne. Masu noman iri sukan bar tazarar mita 200 ko fiye tsakaninsu da wata masarar. In ba ka da wannan filin, sa tazarar lokaci, mako 3 zuwa 4 tsakanin shukarka da tasa, yadda furenku ba zai haɗu ba. Wannan yana bukatar ka je ka yi magana da shi tun kafin ruwa ya sauka.

Sai maganar yawa. Ni da na samu masara goma masu kyau sai in ga ai sun isa. Baba ba ya yarda da ƙasa da kara 100, kuma da farko na ɗauka wahala ce kawai ta tsofaffi. Daga baya na gane masana ma abin da suke faɗa ke nan, kara 100 zuwa 200 ga masara, domin in aka takura ta cikin dangi kaɗan tana barbarar junanta, sai ta riƙa tsumburewa shekara bayan shekara. Wake da tumatir ba su da wannan matsalar sosai, tushe 10 zuwa 20 sun wadatar. Akwai kuma wani amfanin yawa. A 1970 mafi yawan masarar da aka shuka a Amurka asalinta ɗaya ne ta wajen uwa. Wata cutar ganye ta zo wadda ta fi kama wannan asalin, ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar a damina ɗaya. Baba bai taɓa jin labarin ba, amma da na ba shi ko gezau bai yi ba. Ya ce, "In gida duk jini ɗaya ne, ciwo ɗaya ya ishe shi."

Bar iri ya gama nuna a jikin uwarsa. Masara sai ɓawo ya bushe, in ka ɓalle ƙwaya ka kankare gindinta za ka ga baƙin ɗigo, alamar ta gama cika ke nan. Wake sai ƙwanso ya bushe yana ƙara in ka girgiza. Girbe na iri daban, kafin babban girbi, a ranar da ba ruwa, a buhunsa shi kaɗai, don kada masu taya ka aiki su haɗe maka. Ka ɓare da hannu. Duka da sanda ko inji yana tsaga ƙwaya ta inda ido ba ya gani. Ɗauki na tsakiyar totuwa ka bar kai da gindi, za ka samu ƙwaya mai girma ɗaya.

Tumatir nasa daban ne, kuma a wajen Inna na gani. Takan zaɓi wanda ya nuna lugub a jikin tushe mai lafiya, ta matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ta rufe da ƙyalle ta bar shi kwana 2 zuwa 3 har ya yi tsami ya tara farin kumfa a sama. Sai ta zuba ruwa ta juya: masu kyau su nutse, marasa ciki su taso, ta tsiyaye. Yauƙin nan da ke naɗe da ƙwayar tumatir yana hana ta tsiro, tsamin ne ke cinye shi. Daga nan ta baza a faranti a inuwa. Kuɓewa takan bar ta ta bushe a jikin kara har ta fara tsagewa.

Bushewa

Nan ne na kashe irina. Iri abu ne mai rai, yana numfashi. In da danshi a jikinsa numfashin yakan yi sauri, ya cinye guzurin da ya tanada domin tsiro, ya ɗauki zafi, funfuna ta samu wurin zama. Sau da yawa ana karyo masara danshinta ya haura kashi 20 cikin 100. Don ajiya ana son ya sauko zuwa 13, na iri kuwa in ya ƙara sauka ƙasa da haka ya fi.

Shanya a kan tabarma ko tampol, ka baza shi sirara, kana juyawa. Kada ka zuba a ƙasa tsirara, kada kuma ka ɗora a kan kwano ko kwalta don ya yi saurin bushewa. Zafin da ya wuce digiri 40 yana iya lahanta ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya, ita kuwa a waje tana nan fes, ba za ka gane ba sai a gona. Ranar safe ta isa, in ta take ka ja shi inuwa mai iska. Ka kwashe kafin raɓa ta sauka, in ba haka ba abin da rana ta cire dare zai mayar.

Yaya za ka san ya bushe? Baba haƙori yake sawa. Busasshiyar ƙwaya takan fashe ƙas, mai danshi kuwa sai ta lotsa, haƙori ya bar shaida. Wanda bai saba ba ya yi gwajin gishiri. Samo kwalba busasshiya mai murfi, zuba iri ya kai kashi ɗaya cikin uku, ƙara gishiri cokali 2 ko 3, rufe, girgiza minti ɗaya, ajiye minti 15, sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, mayar da shi shanya. In yana zubowa warwar, ya yi. Sharaɗi shi ne gishirin kansa ya zama busasshe, don haka shanya shi tukuna. A damina huɗu sau ɗaya haƙorin Baba da kwalbata suka saɓa, shi ma da muka duba gishirin ne ya sha danshi.

Ajiya, da gardamar da muka yi

Wani masanin iri na Amurka, J. F. Harrington, ya bar ƙa'ida biyu da har yau ake aiki da su a matsayin ƙiyasi: duk kashi 1 da ka rage na danshin iri, tsawon ransa yana ninkawa, haka ma duk kusan digiri 5 da ka rage na zafin wurin ajiya. Da na san wannan da ban kai buhuna ɗakin da ya fi ko'ina zafi ba. Nemi wurin da ya fi sanyi da duhu a gidan, ɗora a kan katako ko kanta, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Hanyar Baba ita ce ya rataye masara da ɓawonta inda iska ke ratsawa, wake kuma ya cakuɗa shi da toka a tukunya. Tokar tana cike tsakanin ƙwayoyi ta hana ƙwaro motsi, kuma tana aiki. Ni kuma na kawo buhun nan mai hana iska shiga da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Baba ya ce sam. "Shaƙe shi za ka yi. Ba abin da ya kashe na wancan karon ke nan ba?" Yana da hujja, ya ga gawar da idonsa. Amma abin da ya kashe wancan danshi ne da na kulle a ciki. Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai, ƙwarin da ke ciki su ke cinye 'yar iskar da ta rage su mutu.

Ban ja da shi ba. Na ce, "Baba, mu raba biyu, rabi a yi naka, rabi a yi wannan, mu gani." Ya yarda. Bayan wata 7 muka buɗe. Masara duka biyun lafiya lau. Wake kuwa na cikin buhu babu huji ko ɗaya, na toka akwai huji nan da can. Ya zuba a tafin hannu ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce, "To, ka ƙaro buhun." Duk inda saninka na zamani ya ci karo da na tsoho, haka za ka yi: a raba, a gwada, a duba tare. Wani lokaci kai za ka ci, wani lokaci shi, iri kuma bai salwanta duka ba.

In iri kaɗan ne, jarka ko kwalba mai murfi mai kyau ta isa, ka cika ta har baki don iska ta yi kaɗan. Mai firiza yana iya sa busasshen iri a rufe na mako guda, sanyin ya kashe ƙwaro da ƙwansa, amma in ka fito da shi kada ka buɗe sai ya huce, don kada ya yi gumi. Gyaɗa a bar ta a ɓawonta sai dab da shuka. Ita da waken soya ba sa daɗewa saboda man da ke jikinsu, irin albasa shekara 1 zuwa 2 ya gaji, na tumatir kuwa yakan kai 4 ko fiye in an kula da shi.

Rubuta suna da shekara da gonar da ya fito, takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ajiye ninkin abin da kake bukata, domin ruwan farko yakan yaudari manomi a dawo ana sake shuka. Sannan ka raba wuri biyu, ko da rabin a gidan ɗan'uwa ne, saboda gobara da ɓera da yoyon rufi. Manyan duniya ma haka suke yi. A 2008 aka buɗe rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway, a cikin dutse, sanyinsa digiri 18 ƙasa da sifili, yana riƙe da samfuri sama da miliyan ɗaya da ƙasashe da cibiyoyi suka kai ajiya. A 2015, da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da rumbunta na birnin Aleppo, Svalbard ta je ta karɓo nata ta sake shukawa.

Abu na ƙarshe a ajiya shi ne a san mai ita. Mutum ɗaya a gidan, wanda kowa ya san shi ke riƙe da iri, shi ke leƙawa duk wata ya duba huji ko kashin ɓera, shi kuma za a tambaya. In aka ce na kowa ne, ranar da hatsi ya yi ƙasa wani zai ɗiba da niyyar mayarwa. Duk lokacin da na ji hannuna yana son zuwa wajen buhun, nakan tuna ma'aikatan cibiyar iri da masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya taɓa jagoranta a birnin Leningrad na Rasha. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, wasu daga cikinsu yunwa ta kashe su suna gadin ɗakunan da ke cike da shinkafa da alkama da gyaɗa na iri. Ba ina cewa wani ya kwana da yunwa a kan buhu ba. Amma labarin yana nuna mini nauyin abin da aka damƙa mini.

Gwajin tsiro

Mako 3 ko 4 kafin shuka, ɗebo ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan mazubi, ba tare da zaɓe ba. Jiƙa ƙyalle mai tsabta ka matse shi, jera su goma-goma layi goma, naɗe kamar tabarma, sa a leda ka bar bakin a buɗe, ajiye a inuwa mai ɗumi. Kullum ka taɓa, in ya fara bushewa ka yayyafa ruwa. A kwana 4 ka leƙa, a kwana 7 ka ƙirga. Wanda ya fitar da saiwa da tsiro duka biyu lafiyayyu shi kaɗai ake ƙirgawa, wanda ya ɗan tsage ya tsaya ba ya ciki. Ƙa'idata ita ce: 85 zuwa sama in shuka yadda na saba, tsakanin 70 da 85 in ƙara ƙwaya a rami, ƙasa da 70 in nemi wani tun da sauran lokaci. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma shi ne zai faɗa maka a ɗaki abin da ni sai a gona na ji.

Shi ne kuma aikin da ya fi dacewa a fara ba yaro. Shekarar da ɗiyata ta cika 11 na ware mata kunya biyu na wake, na ce nata ne tun daga zaɓe har ƙirga. Ta ɗaura ƙyallayenta, ta girbe, ta shanya, amma ta gaji da jira ta ɗura a kwalba kwana biyu kafin lokaci. Na gani. Na yi niyyar in juye in musanya mata da nawa ba ta sani ba, Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Bar mata. Kunya biyu ce." Da lokacin gwaji ya zo ta ƙirga 46. Ta zo wajena idonta ya cika da hawaye ta ce, "Baba, ƙyallen ne ba shi da kyau." Na ce ta kawo kwalbar, ta buɗe, ta shinshina. Ta yi shiru.

In za ka ba yaro, ba shi abu ƙarami wanda in ya lalace gida ba zai ji a jikinsa ba, amma ka ba shi dukansa, kada ka bi bayansa kana gyarawa a ɓoye. Na ba ta wake cikin tafin hannu biyu daga nawa ta shuka, da sharaɗin ta rubuta a littafinta da hannunta: shekara, adadin da ya tsiro, da abin da ya jawo. Ta rubuta, "Ban bari ya bushe ba." Bana tushe 20 ta ɗaura wa ƙyalle, ta yi gwajin gishiri sau biyu kafin ta rufe. Kwalbar tana kan kanta kusa da tawa, da sunanta a jiki, sai mako uku kafin shuka za ta buɗe ta ƙirga.